Idon Jimina

Baba ya daɗe tsaye gaban jiminar, har da cire tabarau ya goge ya mayar.

Daga bayan ginshiƙi 'yarsa Auta take leƙensa. Ita ta haɗa jiminar da tsofaffin cokula da kacar keke da tarkacen da ta tsinto a bola. Shi kuwa tela ne, kullum maganarsa ɗaya: "Na kai ki makaranta, kin dawo min 'yar gwangwan." Da ƙyar ya yarda ya zo baje kolin.

Ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa idon jiminar, sannan ya yafito mai zauren baje kolin.

"Wannan ni zan saya. Kar a ba kowa."

Auta ta fito ta kama hannunsa, hawaye shaɓe-shaɓe. "Baba, ashe kana so?"

"Abin da na daɗe ina nema ne," in ji shi.

Washegari ƙarar keken ɗinki ta tashe ta, tsohon keken nan da ya shekara a ajiye saboda rashin wani ɗan ƙarfe da aka daina sayarwa. Ta leƙa falo. Ga jimina tsaye, an cire ɗan ƙarfen da ta yi mata ido da shi an liƙa jan maɓalli.

"Haba Baba."

Bai ɗago daga ɗinkin ba. "Kayana ne, saya na yi. Kuma maɓallin ya fi yi mata kyau. In za a sake baje koli, a sa har da sunana."