Ƙofar da Ke Tambayar Gajiya

Shekara uku ke nan da aka kafa ƙofa mai magana a masaƙar da Larai take aiki. In an tashi, sai ta gaida ma'aikaci, ta aika da amsarsa ga masu masaƙa, sannan ta buɗe. Kowa kuwa da tarbiyyarsa: in an ce maka "Ina gajiya?" ai sai ka ce "Ba gajiya." Da wannan amsa masaƙar ta ci kyautar wurin aikin da ya fi ko'ina daɗi, aka kuma ƙara wa ma'aikata awa biyu, tunda babu mai gajiya.

Yau Larai ta sha alwashin faɗin gaskiya. Tana cikin layi ta kasa tsayawa wuri ɗaya, sai murza kumburarrun yatsunta take yi.

"Baba Sallau, wallahi yau sai na ce na gaji," ta raɗa wa tsohon da ke gabanta.

"Ke 'yar nan, rufa wa kanki asiri. Ɗanlami ya faɗi haka ran Talata. Kin ƙara ganinsa?"

Ba ta ƙara ba. Injinsa da kansa yake saƙa yanzu, babu kowa a kai.

Layi ya zo kanta. Ƙofar nan kowa da muryar da take yi masa magana da ita. Ta Larai, muryar marigayiya mahaifiyarta ce.

"Larai, sannu da aiki. Ina gajiya?"

Ba ta san sa'ad da ta rusuna ba.

"Ba gajiya, Inna."

Ƙofa ta buɗe.