Furen da Baba Ke Tambaya

Shekarar da fari ya ƙone mana shuka, irin geron da ya rage bai cika ƙwarya ba. Da ruwa ya dawo, mutanen Dudunni suka fita shuka, Baba ya ƙi. Wata la'asar ya ja ni kurmin bayan gari mu duba albasar kwaɗi, wai ba ta fure sai ƙasa ta ƙoshi da ruwa. A gindin wata kanya muka same ta, fara fat, tana ƙamshi. Na kai hannu zan tsinka.

"Bar ta nan," in ji Baba. "Wani ma zai zo tambaya."

Washegari muka yi shuka. Yau kurmin ya zama gonaki, Baba ya rasu. Duk ruwan farko sai in rasa wanda zan tambaya.