Mutum Uku a Tashar Tina

"Mace ba za ta ja Keke a tashar Tina ba, muddin ni ne shugaba!" Na buga tebur ranar da Rahma ta nemi shiga cikinmu. Direbobi arba'in suka amsa, ban da Jika da Dantong da Mwadkon.

Na yi tsaki. "Mutum uku me za su iya?"

Kowace Asabar a taronmu maganarsu ɗaya, ba hayaniya: "Baba, marayu Rahma take ciyarwa. A ba ta layi." Ashe yau da gobe kan sa allura ginin rijiya.

Yau aka ɗaga hannu don zaɓe a kan batunta. Munafukai! Na ƙirga masu goyon bayana, har da ni, mu uku.

Dantong ya tuntsire da dariya. "Baba, mutum uku me za su iya?"

Na gyara hulata. "Ai ku kuka koya mini. Allah ya kai mu Asabar."