Gwajin Jirgin Nasidi

Nasidi na durƙushe a bakin kogin Ngadda yana liƙe gindin jirginsa da kwalta sa'ad da surukinsa Babakura ya iso, carbi a hannu, fuska ba annuri.

Jirgin nan shi ne silar komai. Ana dab da samun mulkin kai wani Bature da zai koma gida ya sayar masa da shi. Nasidi Bakano ne mai sayar da kekuna a unguwar Abbaganaram, bai taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwarsa ba, amma ya rantse sai ya riƙa fita shan iska da yamma yadda ya ga Turawa na yi. Matarsa Kaltum ta ce ita ba ta shirya takaba ba. Kafin ya ankara ta ɗaure kayanta ta koma gidan ubanta a unguwar Shehuri.

To, Nasidi na son Kaltum, so irin wanda ba ya ɓoyuwa. Gida ya yi masa faɗi, tuwo ya ƙi wucewa. Ya saka babbar riga ya tafi biko, ya zauna can nesa da tabarma yana kallon ƙasa.

Babakura bai yi faɗa ba. Ya ce 'yarsa za ta koma ranar da ya tabbatar da idonsa cewa jirgin ba zai cinye masa zuri'a ba.

Shekarar kuwa Ngadda ta cika ta batse, har jakuna sun daina hayewa.

Aka fara shiri. Babakura ya sa aka ɗaura manyan goruna a gefen jirgin, aka hura robar cikin tayar mota aka rataya wa Nasidi a ƙugu. Aka kawo doguwar igiya, da ƙoƙon kwarfe ruwa, da filafili na biyu ko na farko ya suɓuce. Malamin unguwa ya zo ya yi tofi. Aka nemo wani masunci ya koya wa Nasidi tuƙi, har ya daina zagaye wuri ɗaya kamar akuya a turke.

Nasidi ya ɗauka an gama. Ashe yanzu aka fara.

"Ba a gwada jirgi da ɗan Adam," in ji Babakura. "Da nauyinsa ake gwadawa. Kuma haɗarin ruwa a dawowa yake, lokacin da hannu ya gaji. Saboda haka ka tafi wayam, ka dawo da kaya."

"To, Baba."

A ɗaya gaɓar Nasidi ya tarar da Kashim, yayan Kaltum, zaune kan tarin buhuna ɗinkakku. Kashim ya ɗora biyu ya ce, "Wannan Baba ne, wannan Kaltum. Wanda ya jiƙe, ka nutsar da shi ke nan."

Nasidi ya tuɓe rigarsa ya lulluɓe Kaltum. Ya tuƙo yana salati, ruwa na dukan jirgi. Ya sauke su a bushe. Babakura ya shafa buhunan sama da ƙasa, ya gyaɗa kai, ya sa aka ɗora wa jaki don kada a cushe hanyar masu wanki.

"Saura gwaggonninta," ya ce. "Su ma ai za su so shan iska."

Dangin Kaltum kuwa ba sa ƙirguwa. Nasidi ya hayo da gwaggonni, ya hayo da kawunnai. Ya hayo da wata kaka da ake cewa ta yi shekara ba ta taka ƙofar gida ba, ita kaɗai buhu biyu. Tafin hannunsa ya yi kanta, shagon kekuna ya zauna a rufe. Sau da yawa tambaya ta zo masa har leɓe, sai ya haɗiye, don wa ya isa ya titsiye surukinsa? Ko kajin da suka mayar da cikin jirgin wurin kiwo bai samu sukunin kora ba.

Ranar ƙarshe hadari ya haɗo Nasidi na tsakiyar kogi da wani kawu. Iska ta juya jirgin, filafili ya tafi da ruwa. Nasidi ya kwanta rub da ciki a kan kawu don kada ruwan sama ya taɓa shi, ya lalubo filafili na biyu, ya kai gaci.

Babakura ya shafa buhun, ya leƙa ɗaya gaɓar, ya ga Kashim tsaye ba komai a gabansa.

"Jirgi ya yi," ya ce. "Je ka ɗauki matarka."

"Baba, yaushe za ku shiga a zagaya da ku?"

"Ni? Allah ya kiyaye."

Da la'asar Kaltum ta dawo da lallenta ja wur, tana ƙamshin turaren wuta. Nasidi ya baje mata hannuwansa ta ga abin da ya sha, ya roƙe ta don girman Allah kada ta sake yi masa yaji.

Ta dube shi, dariya na neman ƙwace mata.

"Wane yaji kuma, Malam? Baba ne ya ce in zo in zauna har geronsa ya gama hayowa daga gona."