Jarumin da Yake Tayar da Gini

"Kaka, me ya sa ka juya littafin? Ai nan ne ƙarshensa."

"Ke amaryata, yaushe aka haife ki? Daga dama ake fara karatu."

Na bi yatsansa da ido. Ina ƙarama shi yake ba ni labarin wannan littafin zane na jarumi mai jar alkyabba, kuma son labarin ne ya sa na cika ɗakina da irinsa. Sai dai duk wanda na saya, jarumin rushe gari yake yi wajen faɗa. Na Kaka kuwa gini yake tayarwa. Shekara goma ina neman wannan fitowar a shaguna, sai yau na tsince ta a ƙasan akwatinsa.

Bai san rubutun ciki ba. Ya buɗe daga baya, ya bi hotunan daga dama zuwa hagu, yadda ya koyi karatun allo yana yaro. Ɓaraguzai suka taru suka zama bene. Gilashi ya koma taga. Mugun ya miƙe daga ƙasa, suka rabu lafiya da jarumin. A ƙarshe jarumin ya cire alkyabba, ya zauna cin abinci da mahaifiyarsa.

Kaka ya dubi fuskata, muryarsa ta yi ƙasa. "Ko dai na yi kuskure ne?"

Na share ido da bakin mayafina.

"Gobe zan kwaso duk nawa, angona. Kai za ka karanta min su."