Kafin a Kulle Ogan

"Ki rage sauti, 'yata," in ji shugabar sistoci. "Addu'ar yamma muke yi, ba bikin aure ba. In kika sake, zan kulle abin kiɗan nan, ogan, har Ista."

"Uwa, tsohuwar ce ba ta ji."

"To, so kike mu ma mu kurumce?"

Matashiyar ta gaji, amma ba ta sunkuyar da kai ba. Tun da ƙanƙara ta fara sauka take ƙara sauti domin tsohuwar sistar da ta koya mata kiɗa, wadda kurumta ta sa ta daina buɗe baki a rera Zabura.

Da yamma matashiyar ta ture waƙoƙin da ta karanto a birnin Krakow. Ta naɗe hannuwanta da sanyi ya farfasa, ta sa ƙafa ta taka madannin bututun ogan da ya fi kowanne kaurin murya. Da ƙyar kunne ke kama shi. Shugaba ta gyaɗa kai.

Amma katakon bencin da tsohuwar ke zaune ya ɗauki rawa saboda ƙugin bututun. Tsohuwar ta shimfiɗa tafinta a kansa, ta ɗan jira, sannan ta kama baitin daidai inda ake.