Cokalin Farfesa

Kafin ka ɗora wa wani laifi, saurari abin da ya faru da wani farfesa. Shekara goma sha ɗaya ya yi a ɗakin gwaje-gwaje na wata jami'a yana binciken ciwon nan da ke cinye ƙwaƙwalwar tsofaffi, har uwa ta dubi ɗan cikinta ta tambaye shi ko shi wane ne. A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani furotin da ke da irin naɗinsa, kamar naɗin rawani. Idan guda ya naɗu a karkace, sai ya karkatar da na kusa da shi, su dunƙule su kashe wurin. Aikin farfesa shi ne ya zuba lafiyayyen furotin a wasu kwalabe, mai cutar a wasu, ya gwada magani a tsakani. To sai aiki ya rikice. Wata bakwai cur, duk kwalbar da aka zuba lafiyayye, kafin kwana uku ta dunƙule kamar nonon da ya tsinke. Da abin ya ishe shi, sai ya tara ma'aikata ya nuna Malama Tabawa, dattijuwar da ke wanke kayan aiki tana dafa su tun kafin ya zama farfesa. Ya ce, "Shekara ashirin, a ce wanke kwalba ya gagare ki?" Ta ce, "Ranka ya daɗe, akwai abin da na lura..." Ya ɗaga mata hannu. A ranar ya sa aka mai da ita sito, wurin ƙurar kwalaye.

Aka kawo wani mai wanki, kwalabe ba su daina lalacewa ba. Ana nan sai zazzaɓi ya kwantar da farfesa mako uku, abokan aikinsa suka ci gaba babu shi, ko kwalba ɗaya ba ta ɓaci ba. Ya warke ya dawo, ya sa hannu, a kwana na uku dunƙulewa ta dawo. Nan ya tuna da wani abu. Yana da wani ɗan cokalin ƙarfe na ɗiban garin sinadari, kyautar malaminsa da ya rasu. Da shi yake zuba wa kowace kwalba sinadari, mai cutar da lafiyayya. Ba ya ba kowa, da kansa yake ɗauraye shi ya goge ya mai da aljihu. Kuma shi da bakinsa yake koya wa ɗalibai cewa mugun furotin nan yana manne wa ƙarfe, ruwa da sabulu ba sa fitar da shi. Ya tsoma cokalin a sabuwar kwalba ya rufe. Kafin jibi ta dunƙule.

Kwana biyu yana kewaya ginin ta baya don kada ya bi ta ƙofar sito. A na uku ya shiga da hantsi, ya sami Malama Tabawa tana jera kwalaye, ya ajiye cokalin a gabanta. Ta dubi cokalin ta ce, "Shi na so in faɗa maka ranar nan, ranka ya daɗe. Shi kaɗai ne bai taɓa shiga tukunyata ba." Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya sake tara mutanen da ya tara da farko, ya faɗi gaskiya a tsaye, kansa a sunkuye. Malama Tabawa ta ce ta yafe, amma ba ta koma ɗakin ba, a sito ta ƙarasa shekarunta na aiki. Shi kuwa har ya bar jami'ar bai ƙara iya haɗa ido da ita ba.

Shi ya sa Hausawa suka ce, laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.